Shekarar da Na Hori Lofen Kawu Tanko

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai, wanda Ya san abin da bawa ya ɓoye da abin da ya bayyana, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ya ku 'ya'yana da jikokina, na iso babin da na daɗe ina ɗagawa. Na san abin da ake faɗa muku a bakin rijiya da wurin sussuka: wai mahaifinku ya rasa na'ibancin masallacin Juma'ar garin nan ne domin taba ta fi ƙarfinsa, wai a bayan rumbu yake laɓewa yana busa hayaƙi. Rabin wannan magana gaskiya ne, kuma saboda rabin gaskiyar nan ne ƙaryar da ke cikinta ta yi tsawon rai. Tun ina saurayi ban bar saukar ruwan farko, ko haihuwa, ko rasuwa ta wuce a garin nan ba tare da na rubuta ta ba. Bai dace in rubuta na kowa daidai, in bar nawa a hannun masu hira ba.

Kawu Tanko wan mahaifiyata ne. Shi ya ɗauke ni bayan rasuwar mahaifina, tun ban yi wayo ba, ya kawo ni wannan ƙaramin gari namu mai ganuwa da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Manomin taba ne. Lambunsa yana gefen fadama, ta ƙofar yamma, inda yanzu kuke shuka rogo. Karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba, amma shi ne ya tura ni Zariya neman ilimi, kuma shekara tara da na yi a can babu ranin da jakinsa bai iso mini da dawa da daddawa da sabuwar riga ba. Yana da lofe, wato tukunyar shan taba ta yumɓu mai dogon kara, wanda ya girme ni, ya yi baƙi yana sheƙi saboda daɗewa a hannu. Bayan la'asar yakan shimfiɗa buzu a gindin durumin ƙofar gida, ya cika shi a natse, ya ɗora garwashi. A daidai lokacin mata suke hura wutar tuwo, shanun Fulani suna dawowa ta bayan ganuwa, ƙamshin tabarsa ya gauraya da hayaƙin murhu da ƙanshin sabuwar dawa. Har yau idan na rufe ido ina neman gidan da na girma a cikinsa, hancina ne yake riga ni isa.

Da na dawo daga Zariya, na dawo da rawani da littattafai da zafin kai irin na sabon malami. A yammacin farko na tsaya a kansa ban ko zauna ba.

"Kawu," na ce, "malamai da dama sun ce wannan abin haramun ne."

"Da dama, ko duka?"

"Da dama."

"To, ni ina bin ragowar. Na-Zazzau, miƙo mini garwashi."

Na-Zazzau ne sunan da ya laƙaba mini tun daga ranar, bai kuma sake kirana Isiyaku ba sai in yana fushi. Ban miƙa masa garwashin ba. Ya yi dariya, ya tashi ya ɗauko da kansa. Haka muka zauna shekaru, ni ina wa'azi a kan taba a ƙofar masallaci, shi yana sha a ƙofar gida, kuma a akushi ɗaya muke cin tuwo.

A shekarar da nake ba ku labari, Liman ya tsufa, idonsa ya fara gazawa, ya sanar da dattawa cewa bayan Babbar Salla zai naɗa na'ibi wanda zai riƙa yi masa huɗuba, kuma kowa ya san na'ibin nan shi zai gaje shi. Mu biyu ake ambato, ni da Malam Badamasi, mutumin kirki mai sanyin murya, wanda ni da shi duka mun san na fi shi karatu. Ba zan ɓoye muku ba, ina son abin nan. Na riga na tsara huɗubobi a zuciyata, har na san wadda zan fara da ita.

Sai da kaka, Kawu ya faɗi a lambu yana ɗauke da damin ganye. Aka kawo shi gida a kan ƙyaure, ɓarin jikinsa na dama ya mutu, bakinsa ya karkace. Lofen yana cikin aljihunsa, ya fashe gida uku a ƙarƙashinsa, jakar tabarsa kuma ta faɗa cikin ruwan lambun. Magana ta dawo masa bayan 'yan kwanaki, da nauyin harshe, amma abinci ya ƙi. A kai fura a dawo da ita, a kai kunu ya juya fuska bango. Na yi rubutu na wanke, na yi tofi, na kira wanzami. Wata safiya mahaifiyarku Rakiya, wadda a lokacin take da cikinka, kai Abdulƙadir, ta tare ni a tsakar gida da ƙwaryar furar a hannu.

"Malam, ba ciwon nan ne zai kashe tsohon nan ba."

"Mene ne zai kashe shi?"

"Kai ma ka sani. Tun jiya hannunsa na hagu yake lalube a gefen tabarma. Ba tasbaha yake nema ba, ga ta nan a wuyansa."

Na yi kwana biyu ina kokawa da kaina, sannan na kau da kai na bari maƙwabcinmu Ɗanjuma maƙeri ya kawo sabon lofe da taba. Kawu ya ja sau ɗaya, tari ya sarƙe shi har idanunsa suka yi ja, ya ture abin da hannunsa mai lafiya. Da numfashinsa ya dawo, ya bayyana mini abin da ban taɓa sani ba duk zamana da shi. Sabon lofe ɗanye ne. Yumɓunsa yana ba da zafi da ɗaci, ba ya shawuwa sai an hore shi, wato mutum mai lafiyar ƙirji ya yi kwana bakwai yana sha da shi kaɗan-kaɗan, har cikin tukunyar ya yi baƙar riga, hayaƙin ya yi sanyi. Shi kuwa ba shi da ƙirjin yin haka, ko kunna wutar ma leɓensa ba zai iya ba. Tabar da aka kawo kuma, in ji shi, ko akuya ba za ta ci ba. Tasa ta bana tana rataye ba ta bushe ba, ganye kuwa ba ya daɗi a lofe sai ya kwana shekara.

Ɗanjuma ya ce zai hore masa. Kawu ya ce Ɗanjuma yana jan lofe kamar mai zuga-zugi, zai fasa tukunyar kafin kwana uku. Rakiya ta ce ita za ta yi, na hana, ga ciki. Amma ba wannan ne ya tsayar da ni ba. Na zauna a zaure na tambayi kaina: in abin nan laifi ne, da na sa wani ya ɗauka don rigata ta zauna fes, me na tsira da shi wurin Allah? In kuwa jinya ce, wa ya fi cancanta da jinyar mutumin da ya yi shekara tara yana kora mini jaki? Na shiga ɗakinsa na ce ni zan yi.

"Kai?" Ya dube ni da idonsa mai motsi. "Bari, Na-Zazzau. Ba don wannan na kai ka Zariya ba."

"Faɗa mini yadda ake zaɓen ganye."

Sannan ya ce in matso. Ni kuwa, da yake ban san wata hanyar koyon abu ba sai wadda aka koya mini, na je na ɗauko tawada da alƙalami da farar takarda mai kyau, na tanƙwashe ƙafa a gabansa kamar yadda nake yi gaban malamaina. Wannan ne karo na farko da ya yi dariya tun faɗuwarsa, da rabin baki.

Ga abin da ya shifta mini, ina maimaita shi ne don ku san abin da takardar ta ƙunsa, ba don in halatta muku ba. Ganye a jikin taba kashi uku ne. Na ƙasa siriri ne, mai sauƙi, yana saurin cinyewa, shi ya dace da ɗan koyo. Na sama mai ƙarfi ne, na masu garin taba ne da suke cusawa a baki, a lofe juya kai yake yi. Na tsakiya shi ake nema. Ƙasa ma tana magana a cikin ganye: na fadama mai yawan ruwa faffaɗa ne amma ba ƙamshi, wanda aka shuka a tsohon makwancin shanu yana kartar maƙogwaro, na jar ƙasa ƙarami ne amma shi ne mai daɗi. A nemi wanda ya bushe a inuwa, launinsa kamar fatar jar akuya, babu kore babu baƙin tabo. A naɗe shi a yatsa: in ya karye ya bushe da yawa, in ya manne bai warware ba an yayyafa masa ruwa. Kada a sansana na saman dami, don nan masu sayarwa suke shafa ruwan zuma, a zaro daga tsakiya. Daga ƙarshe a ƙona gefensa. Farin toka ganyen kirki ne, baƙin toka a bar shi. Lofe kuwa, a ɗauki mai kaurin baki, a ƙwanƙwasa da farce a ji ya yi ƙara ba tsagewa, karansa ya yi tsawon kamu, domin a cikin tsawon ne hayaƙi yake hucewa.

Ranar kasuwar Malumfashi na tashi da asuba, na isa da hantsi. Masu taba suna can gefe, kusa da masu kanwa, wurin da ban taɓa taka ƙafa ba. Na tsaya da rawanina gaban wata tsohuwa mutuniyar Kafur, haƙoranta jajur da furen taba.

"Allah gafarta Malam, ɓatan hanya ka yi? Masu takarda suna can gaba."

"Ganye nake so, Iya. Na tsakiya, na bara." Na manta sauran, sai na zaro takardar daga aljihu na fara dubawa.

"La ilaha illallahu! Ke Tabawa, zo ki gani, yau taba ta shiga littafi! Malam, a wane babi take? Gaya mini in gaya wa limaminmu."

Kafin in ankara mutane sun kewaye ni. Na daure. Ta miƙo mini ganyen saman dami, na ajiye shi na zaro daga tsakiya, na naɗe a yatsa, ya manne. Na ce an sa masa ruwa. Ta ɗauko wani, na nemi garwashi wurin mai tsire, na ƙona gefensa, toka ta fito baƙa. Dariyar ta ragu. Tsohuwar ta ƙura mini ido.

"Wannan naɗin yatsa ba na malamai ba ne. Wa ya koya maka?"

"Kawuna, Tanko mai lambu."

"Tanko! An ce ya faɗi. Yana raye?"

"Yana raye, amma ya ƙi abinci."

Ta ɗaga tabarmar da take zaune a kai, ta jawo wani ƙunshi a cikin fata, ta kwance. Ban buƙaci duba takarda ba, ƙamshin gindin duruminmu ne ya taso mini.

"Kai masa wannan. Ka ce in ji mai fure ta Kafur, in ya mutu bai sha ba, ban yafe ba."

Maganar bayan rumbu gaskiya ce. Can muka zaɓa domin iska tana kai hayaƙin waje, nesa da mahaifiyarku. Da hantsi nakan ɗauko Kawu in jingina shi da jikin rumbun, in zauna a gabansa. Ranar farko, da lofen da Ɗanjuma ya kawo, ya ce a zuba rabin tukunya kawai, a marmasa ganyen da yatsa, a cire jijiyarsa.

"Kada ka danne. Yadda ake rufe irin gero da diddige, a rufe, ba a daɓe ba. Yanzu ɗora garwashi, ƙarami. Ja a hankali. Kada ka kai shi ƙirji, ka tsayar da shi a baki kamar kurkurar alwala, ka juya ka fitar."

"Kawu, kada ka haɗa wannan da alwala."

"Da me zan haɗa maka? Ita kaɗai ka iya."

Na ja, na haɗiye duka. Rumbu ya juya, ƙasa ta taso, na yi rarrafe na amayar da kunun safe a gindin zogale. Kawu yana ta girgiza kai yana cewa shekara tara a Zariya, ba a koya wa mutum bambancin baki da ƙirji ba. Rana ta biyu harshena ya ƙone saboda gaggawa, na yi yini ina karatu kamar mai tsakuwa a baki. Ta uku wutar ta mutu sau shida, ya ce ba abin kunya ba ne, lofe na mutuwa a sake kunnawa, mai gudun mutuwarsa ne yake ƙona bakinsa. Ta huɗu na koyi share karan da tsinken ciyawa, da barin tukunya ta huce kafin a sake cikawa. Kullum in na gama sai in yi asuwaki har dasashina ya yi jini, in sauya riga, in nemi gafara. A rana ta biyar wani abu ya faru wanda dole in rubuta. Ɗacin ya tafi. Hayaƙin ya zo da sanyi, da wani ɗan zaƙi kamar na gasasshiyar gyaɗa, kafaɗuna suka sauka, na ji kukan kurciya a kan rumbu kamar ban taɓa jin kurciya ba. Na zauna ban tuna huɗuba ba, ban tuna Malam Badamasi ba. Da na ɗago, Kawu yana kallona.

Ran na takwas na kunna, na ja sau uku har wutar ta kama, na goge bakin karan, na sa masa a gefen bakinsa mai rai. Ya ja kaɗan, ya lumshe ido. Hawaye ya gangaro ta idon da ba ya rufuwa. Can ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba:

"Rakiya na da sauran furar nan?"

Daga ranar kullum bayan la'asar ni nake kunna masa, ja uku, in miƙa.

Kuskuren da na yi na masu takardu ne. Ban iya yar da rubutu ba, ban iya ƙona shi ba. Da na dawo daga kasuwa sai na sa takardar a gafaka, ta shige tsakanin warƙoƙin littafina na fiƙihu, a babin tsarki. Ana saura kwanaki kaɗan Salla, Malam Badamasi ya aiko aron littafin, na ba da shi ban duba ba. Ban taɓa riƙe shi da laifi ba. Ya ga hannuna, ya ga abin da aka rubuta, ga kuma maganar kasuwa da ta riga ta iso gari, ya kai wa Liman kamar yadda ni ma da zan yi.

Aka kira ni zauren Liman bayan azahar. Dattawa biyar suna zaune, Malam Badamasi yana gefe kansa a sunkuye. Liman shi ya fara koya mini baƙi, yana sona, kuma na ga hakan a yadda ya riƙe takardar.

"Malam Isiyaku, wannan hannunka ne?"

"Nawa ne, Allah gafarta Malam."

Na faɗi komai, tun daga faɗuwar Kawu har furar da ya nema. Liman ya gyaɗa kai, fuskarsa ta saki.

"To, ai wannan jinya ce, larura ce. Ka ce mana a gaban jama'ar nan hayaƙin ƙinsa ka yi tun daga farko har ƙarshe, kamar mai shan maɗaci don magani. Kuma daga yau ka bar wa wani kunnawar. Shi ke nan, maganar ta mutu a zauren nan."

Ƙofa ce ya buɗe mini, faffaɗa, kowa a wurin ya gan ta. Na dubi takardar a hannunsa. Ni ne mutumin da in aka yi gardama a kan ranar da aka haifi wane, ko shekarar da rafi ya ci gonar wane, ake zuwa wurina, in buɗe gafaka, magana ta ƙare, domin an san ban taɓa gyara abin da ya faru ba.

"Allah gafarta Malam, kwana huɗu na ƙi shi. Ran na biyar na ji daɗinsa. Kunnawa kuwa ba zan bari ba muddin Kawu yana numfashi."

Sai wani dattijo ya ce, "Subhanallahi! Wa zai bi wannan salla?" Ya juya ya tofar da yawu cikin kaskon yashi, yawun nan ja ne da garin tabar da ke cushe a leɓensa na ƙasa. Biyu daga cikin biyar ɗin nan haka bakinsu yake, na uku kuwa shi yake kai tabar Kawu kasuwa duk rani. Ban faɗa a ranar ba, kuma ko a nan ba zan rubuta sunayensu ba, don jikokinsu abokan wasanku ne. Amma ina so ku sani wannan yawu shi ne abin da har yau in na tuna raina yake tafasa, ba hukuncin ba. Hukuncin daidai ne a bisa abin da ni kaina na yi shekaru ina wa'azi. Liman ya miƙo mini takardata, ya ce a hankali:

"Kai dai, Isiyaku, ba ka san a taimake ka ba."

Bayan Salla aka naɗa Malam Badamasi.

Na so in ɓoye wa Kawu, amma gari ƙarami ne. Da na je da lofe da la'asar, ya kau da kai.

"Isiyaku. Shekara tara ina kora jaki don ka tsaya gaban sahu. Ka zubar a kan hayaƙi?"

"Tambayata aka yi, Kawu."

"Sai ka yi shiru! Duk littattafan nan naka babu babin shiru?"

"Babu."

"To, an cuce ni a Zariya. Ɗauke abin nan, na bar shi."

Kwana uku bai sha ba, bai yi mini magana ba, fura ma sai Rakiya ta yi da gaske. Na yi tunani a kwanakin nan ko girman kai ne ya sa na amsa yadda na amsa, kuma ba zan rantse babu shi a ciki ba. Ran na huɗu na cika lofen, na kunna, na sa masa a hannun hagu na rufe yatsunsa a kai.

"An riga an yi naɗi, Kawu. In ka bari ya mutu, mun yi hasara biyu."

Ya daɗe yana kallon hayaƙin yana tashi. Sannan ya kai baki, ya ja, ya yamutsa rabin fuska.

"Ka danne shi da yawa. Har yau ba ka iya ba."

Damina biyu ya ƙara a duniya. Ban san wasu yammaci da suka fi na waɗannan shekaru daɗi ba. Nakan goyo shi zuwa gindin durumi, in shimfiɗa buzun, in ja uku in miƙa. Shi yana ba ni labarin mahaifiyata tana yarinya, da na fataken da ya bi zuwa Nufe, da sunayen mutanen da suka haƙa rijiyoyin garin nan, ni ina rubutawa. Kai Abdulƙadir a kan wannan buzu ka koyi zama, kana kai hannu za ka kama hayaƙi, yana ce maka ɗan malam, bari, wannan ne ya kayar da ubanka. Tari kuwa bai bar shi ba, ya yi ta ƙaruwa, kuma ban ce muku taba ba ta da hannu a ciki ba. Ni tun ranar da ya rasu hayaƙi bai sake shiga bakina ba. Ba zan ce ban yi marmari ba. Ba kuma zan ce na daina jin ciwon na'ibancin ba, domin shekara da shekaru ina zaune a sahu na biyu ranar Juma'a, ina sauraron huɗuba ina gyara ta a zuciyata.

Ya rasu wata Alhamis da hantsi, ana tsakiyar yankan dawa. Mutane suka baro gonaki, har daga ƙauyukan gefe, aka yi sahu a filin ƙofar yamma. Liman yana kwance ba lafiya a lokacin, Malam Badamasi ne yake jan salla. Aka ajiye makara, ya shige gaba, ya gyara tsayuwa. Sai na ga ya juyo. Ya ratso sahu ya kama hannun rigata.

"Malam Isiyaku, kai ka yi jinyarsa. Shige."

"Akwai waɗanda suka ce ba a bin sallata."

"Wanda ba zai bi ba, ga hanyar gona nan."

Na tsaya a kan Kawu, garin nan duka yana bayana. Ban ji takun kowa yana fita ba, ban kuma waiwaya ba. Sallar gawa kabbara huɗu ce, babu ruku'u babu sujada, babu huɗuba, ba ta kai tsawon lokacin da nake ɗauka wajen kunna masa lofe ba. Ita ce kaɗai sallar da na taɓa ja wa garin nan, kuma mutumin da ya kai ni Zariya don in tsaya a wannan wuri yana gabana, a kwance. Allah Ya ji ƙansa, Ya yafe mana ni da shi.